Sunan da Injin Faruku Ya Faɗa da Bakina

Kai Faruku ɗan Manzo, kai ka sace mini baki. Ka zo har ɗakina ka zauna a tabarmata, ka sha furar da na dama maka da hannuna, sannan ka ɗauki muryata ka kai Magarya ka sa ta faɗi abin da ni ban taɓa faɗa ba. Kada ka sake ce mini inji ne ya yi. Na ji wannan magana har ta ishe ni.

Zan faɗa daga farko, don waɗanda ba su san mu ba su ji.

Ni ce Turai ta Dogo-Dogo. Ban yi lakwal ba, ban san baƙi ko ɗaya na boko ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Manzo ƙanena ne, ciki ɗaya, kai kuwa ɗansa ne, ni gwaggonka. Na goya ka. Ka yi karatu a Damagaram, ka wuce Yamai, ka dawo kana cewa kai mai zane ne. Na ce ina fentin? Ka yi dariya ka ce naka zanen da wuta ake yin sa da inji. Na ce to, Allah ya ba da sa'a. Ban san a kaina za a gwada ba.

Bayan an gama kaka ka zo da wani ɗan baƙin abu mai gashi a ka, kamar ɓeran da ya ji sanyi. Ka ce maganar tsofaffi tana ƙarewa, kana so ka tara ta kafin mu tafi da ita kabari. Ka tara mu ƙarƙashin gawon ƙofar gida, ni da ƙawayena biyu, Uwani da Ɗela, waɗanda tare muka yi tashe, tare aka kawo mu garin nan. Ka ajiye ɓeranka a tsakiya ka ce mu yi hira kawai, mu manta da shi.

Muka kuwa manta. Wa ya taɓa tambayarmu labarin da? 'Ya'yanmu kowa kansa na cikin salula. Muka yi ta zuba kwana da kwanaki. Muka ba ka labarin lokacin da garken gidanmu in ya taso daga tafki sai ƙasa ta yi rawa, da yadda ake kora shanu arewa in shuka ta tashi, a dawo da su cin kara in an yi girbi, su taka gonar su bar mata taki. Muka gaya maka yadda muke ɗaukar ƙwaryar nono a ka mu tafi kasuwar Dungas a ƙasa, muna tafe muna waƙa, man shanu na iyo a ciki kamar ƙwai. Da shekarun gyaɗa, da har yara ke ƙin cin ƙuli-ƙuli don ya gundure su. Uwani ta yi maka waƙar niƙa, ta manta rabi, Ɗela ta ce dama can ba ta iya ba. Ni ban yi irin wannan dariyar ba tun da na yi rashi. Wannan kam na gode maka, ba zan ɓoye ba.

A cikin hirar nan dole labarin ɗan farina ya shigo, don ba a maganar shanunmu a bar shi.

Ka san al'adar, kada ka yi kamar a Yamai aka haife ka. Uwarka har gobe ba ta kama sunan yayarka Hindatu. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an ce ya kyauta sai ta kau da kai. Ina yaye shi aka kai shi ɗakin uwata. Ya tashi yana jin ubanka yana ce mini Yaya, shi ma ya kama ce mini Yaya, har ya yi gemu bai sauya ba. Ni kuwa Mai Sanda nake ce masa, don tun yana tatata ba ya rabo da ɗan kara a hannu, yana kora kaji yana cewa shanunsa ne.

Da ya girma ba a yi makiyayi irinsa a gidanmu ba. Akwai wata jar saniya mai karyayyen ƙaho wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai yana tsaye. In ya dawo da yamma ba ya shigowa ɗakina, sai ya tsaya bayan danga ya yi tari. Ni kuma in aika masa da fura in ce a kai wa wancan mai tarin. In ya tafi arewa da shanu sai in rasa barci, amma ko sau ɗaya ban tambayi kowa labarinsa ba. Ina dai tsintar labarin a bakin mutane, kamar mai kalar gero a gonar wani. Shi ya sani, ni ma na sani. Ba ma bukatar a faɗa.

Ciwo ya kama shi wata damina, yana da mata da 'yarsa Nafisa. Aka ɗora shi a amalanke za a kai shi likita Dungas. Ranar ce kaɗai na ɗora kansa a cinyata tun da na yaye shi. Hanya duk laka, shanun na tafiya kamar ba sa so. Ya buɗe ido ya ce, "Yaya, ke ce?" Na ce ni ce. Sunan ya taso mini har nan, har bayan haƙorana. Na haɗiye shi. Mijina na gaba yana kora shanu, surukata na gefe. Ba mu kai Dungas da shi ba.

Tun daga ranar na ce da raina, na ajiye sunan nan. In Allah ya haɗa mu a can inda babu suruki babu kunya, shi ne abin da zan fara faɗa. Ba ni da zinariya, ba ni da adaka. Wannan ne ajiyata.

To a hirar da muka yi a gaban ɓeranka, Uwani da Ɗela suna kama sunansa yadda suka ga dama, ai ba su suka haife shi ba. Ni kuwa in na zo wurin sai in ɗan yi shiru in tsallake. In ce, "Ran da," in numfasa, "ya kai shanu tafki." Kana zaune kana ji. Ba ka tambaye ni dalili ba, don ka sani.

Damina ta zo ta ɗauki Uwani. Da aka sake yin kaka ka aiko mota ta ɗauke mu, ni da Ɗela, wai mu zo Magarya mu ga abin da ka yi da muryoyinmu. Na sa zanena na sallah. Nafisa ma ta zo daga gidan mijinta a Bande.

Wani babban ɗaki ne, an toshe tagogi da baƙin ƙyalle, rana tsaka amma ciki duhu. Mutane cike, 'yan lakwal da mushensu mai koya musu karatu, da manyan gari, da wasu baƙi daga Damagaram. Bango ɗaya gaba ɗaya ya cika da ƙananan fitilu kamar an watsa gero a baƙar tabarma, da zaruruwa na haske suna haɗa su. A tsakiyar ɗakin ka girke turmi, kusa da shi igiyar guga tana reto daga sama.

Ka tsaya ka yi bayani, na kuwa saurara da kyau. Ka ce abin sunansa ƙirƙirarriyar basira. Ka ce kowace ƙwayar haske kalma ce da ɗayarmu ta faɗa ƙarƙashin gawo, zaren kuma yana nuna wace kalma ta saba bin wace. Ka ce injin bai san saniya ba, bai san tafki ba, canka kawai yake yi, in an faɗi wannan me ya fi kyautuwa ya biyo. Ka ce mutane suna tsoronsa don ba sa ganin cikinsa, shi ya sa ka buɗe cikin ka shimfiɗa a bango. Wanda ke so ya sunkuya ya yi tambaya a cikin turmin, ya zaɓi tsohuwar da zai tambaya, za ta amsa. Wanda ya ja igiyar kuma sai injin ya rage sauri, a ga yadda kalmomi ke rububi kamar kaji a kan tsaba, har ɗaya ta ture sauran ta fito.

Ɗela ba ta da kunya tun muna yara. Ta ture 'yan lakwal ta sa kai cikin turmi.

"Uwani! Ke Uwani! Har a can ma miyarki ba gishiri?"

Bango ya motsa, zaruruwa suka yi ta gudu. Sai ga muryar Uwani, da 'yar shaƙewar nan tata ta mai shan taba gari.

"Ke dai baƙin ciki zai kashe ki, Ɗela. Mijinki ma a gidana yake lashe kwano."

Har da dariyarta, wadda take ƙarewa da tari. Ɗaki ya ɗauka da dariya. Ɗela ta ce, "La ila, 'yar banza, kin mutu ba ki daina ba!" Tana dariya hawaye na zuba, ni ma haka. Muka riƙe juna. A lokacin nan, da ka ce in sa maka albarka a gaban jama'a, da na sa.

Sai Nafisa ta matsa. Ta dube ni ta yi murmushi, ta sunkuya a turmin, ta ce tana so ta tambayi kakarta. Ina tsaye ga ni, amma turmi za ta tambaya.

"Kaka, wa kika fi kewa a duniya?"

Kai da hannunka ka kama igiyar ka ja, don baƙi su gani da kyau. Na ji muryata ta fito a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Wanda, na fi, kewa, shi ne." Sai ta tsaya. A bangon, tsakiyar hasken nan duka, ga wani baƙin wuri kamar faifai, babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Ka nuna shi da yatsa ka ce, "Ku duba nan. Duk lokacin da tsohuwar ta zo wurin nan sai ta yi shiru. Injin ya lura akwai rami. Ku ga yadda zai nemi abin cikewa."

Ni na gane ramin. Ni na haƙa shi. Na buɗe baki in ce ka saki igiyar nan, muryar ta ƙi fita, wataƙila don tana hannunka.

Zaruruwa suka taso daga gefen Uwani, wasu daga gefen Ɗela, suka yi ta kwarara cikin baƙin wurin kamar ruwa ya samu gangare. Ya cika, ya yi fari fat. Sai muryata ta kira sunan.

Ba faɗa kawai ta yi ba, kira ta yi. Ta ja ƙarshensa, kamar mai kiran wanda ke can ƙarshen gona rana ta kusa faɗuwa. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, Faruku. Haka nake kiransa a zuciyata. Daidai haka. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ta ina abinka ya sani?

Mutane suka yi tafi. Tafi! Wani baƙo mai tabarau ya ce abin ya yi kyau ƙwarai. Saluloli duk a sama. Na ja mayafi na rufe fuskata na nemi ƙofa, ina karo da mutane.

Ka same ni a waje gindin bishiyar bedi.

"Gwaggo, wallahi ba ni na sa shi ba."

"Wa ya ja igiyar?"

"Igiyar sauri kawai take ragewa. Ko ban ja ba zai faɗa."

"Wa ya ba shi bakina?"

"Ke kika yarda a ɗauka, Gwaggo."

"Na yarda a ɗauki abin da na faɗa. Wa ya ba ka abin da ban faɗa ba?"

Sai ka ce ai abin da kake son nunawa ke nan, cewa injin ba ya iya barin rami, duk inda ya ga giɓi sai ya cike, ko an so ko ba a so ba. Ka ce yanzu mutane sun gani da idonsu. Na ce to madalla, da ni aka yi musu karatu. Na ce a kai ni tasha.

Kafin in iso gida abin ya riga ni. Ya shiga salular kowa, daga Dogo-Dogo har ƙauyukan bakin iyaka. Ba a ganin bango sosai a ciki, ba a jin bayaninka, muryata kawai ake ji tana kwaɗa kira. Na je rijiya, wata sa'ar 'yar cikina ta ce, "Inna Turai an waye!" Wani tsohon banza a kasuwa, wanda ya nemi aurena aka hana shi, ya ce, "Turai, saura na maigida, yaushe za a saki wannan?" Dangin mijina, Allah ya jiƙansa, sun aiko a tambaya ko kaina ƙalau yake. Na ce inji ne, ba ni ba ce. Suka ce murya dai taki ce. Ɗela ta zage su tas, amma ko ita da muka keɓe sai ta ce, "Ke ma dai, ai kin huta, an sauke miki." Na ce ban ce kowa ya sauke mini ba. Kayana ne, ina son nauyinsa.

Ubanka ya zo ya zauna yana murza hula yana cewa, "Yaya, a yi haƙuri, yaro ne." Yaro mai furfura a gemu.

Bayan 'yan kwanaki Nafisa ta zo daga Bande a kan kabu-kabu. Ta share mini ɗaki, ta yi mini tsifa, ta ƙi haɗa ido da ni. Da ta zo kitso sai ta ce daga bayana, "Kaka, yana cikin salulata. Ina saurare in ina girki."

Na ce, "Ki ji daɗi."

Ta ce, "Ban taɓa jin kin kira shi ba. Ko ranar da aka kawo gawarsa ba ki yi kuka a gabanmu ba. Ina ƙarama na ɗauka ba kya son sa."

Na ce ta ja kitson da kyau, ya yi sako-sako. Me zan ce mata? A zamaninmu ko yaron goye ya san abin da shirun uwa yake nufi. Yanzu jikata ta cikina sai turmi ya gaya mata. Ban ce ta goge shi daga salular ba. Marainiya ce, ban iya ba. Amma wannan ma a kanka yake, don in za a gaya mata, ni ya kamata in nemi yadda zan gaya mata, ba bango ba.

Sai ka bugo a salular ubanka. Ka ce ka ɗaure wa injin baki, ba zai sake furta sunan ba. Na ce ba ɗaure baki na ce ba, cire shi za ka yi daga cikinsa, ka mayar mini da ramina yadda ka same shi. Ka ce ba ya ciruwa. Ka ce ko waɗanda suka ƙera irin injin nan a ƙasashensu ba su san takamaiman inda abu yake kwance a cikinsa ba, ya narke ko'ina kamar gishiri a miya. Sai dai a zubar da miyar duka, a goge komai, har da Uwani.

Ka san inda za ka taɓa ni. Uwani ba ta bar hoto ba, ba ta bar ɗa namiji ba, ɗakinta ma ya faɗi da ruwan bana. Dariyar nan mai tari ita ce ta rage. Ɗela har ta fara tara ƙwai za ta sayar ta koma Magarya ta sake zaginta. Ba zan ce a zubar ba. Ka ji, na faɗa, kada gobe ka ce gwaggonka ce ta kashe Uwani karo na biyu.

Amma ba mu gama ba. Mu masu shanu ne, kai ma jikan masu shanu ne. In saniya ta shiga gonar mutum ta yi ɓarna, ba a taɓa kai saniya gaban mai gari ba. Ba a cewa ai dabba ce, ba ta san iyaka ba, halinta ne in ta ga kore ta ci. Kowa ya san halinta ne, shi ya sa ake bin ta da sanda. Mai ita ke zuwa ya tsaya, ya cire hula, a zagaya da shi ya ga abin da aka ci. Mai Sanda ya taɓa tsayawa haka saboda jar saniyar nan, a gaban gari duka, bai ce ba shi ya aike ta ba.

Kai ka san halin dabbarka. Da bakinka ka ce ba ta iya ganin rami ta bari. Ka ji shiruna ƙarƙashin gawo, ka gan shi a bango tun kafin mu zo, har ka san inda za ka nuna da yatsa. Ka sake ta a kai.

Don haka ga abin da nake so. Ka zo Dogo-Dogo ranar kasuwa, ba a salula ba, da ƙafarka. Ka tsaya ƙofar mai gari, a kira dangin mijina, a kira matan rijiya, a kira tsohon banzan nan ma. Ka faɗa da ƙarfi cewa Turai ba ta kira sunan ɗanta ba, ba ta taɓa ba, kai ka sa aka kira da bakinta. A ɗauka a salula ya zagaya yadda wancan ya zagaya. In ka ce ba kai ba ne, to ka zo da wanda shi ne, ko daga wace ƙasa yake, ya tsaya a wurin.

In an gama wannan kuma akwai tambayar da za ka amsa mini ni kaɗai, a ɗaki. Abin da na ajiye in kai masa, an riga an buɗe shi a gaban 'yan lakwal an yi masa tafi. In na je, me zan fara ce masa? Kai mai ilimi, kai ka buɗe, sai ka gaya mini.

Tabarmar da ka zauna tana nan. Ina jira, kuma ka san ba ni da sauran lokaci mai yawa. Ka zo ka amsa.